Yadda za ka tono tarihin ƙaramin kulob ɗin hokin ƙanƙara, da misalin Hershey Bears

Ranar da na fara shiga Giant Center, zauren wasan hoki na kulob ɗin Hershey Bears, a garin Hershey na jihar Pennsylvania a Amurka, wani abokin aikina ne ya ja ni, ni a lokacin ko dokar wasan ban sani ba, abin da na sani kawai shi ne mutane shida-shida a kowane ɓangare har da gola, sanye da takalmi mai kaifi a ƙasa suna zamiya a kan ƙanƙara suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Sanyi yana tasowa daga ƙasa yana shiga ƙafar wando, ƙarar faifan idan ya daki katako kuwa kamar an fasa dutse. Amma abin da ya riƙe ni da na ɗaga kai sama shi ne tutocin da aka rataye a rufi, kowacce da shekara a jikinta, ta farko 1947. Na ce a raina to wannan ɗan garin da bai kai mutum dubu 20 ba, ya aka yi ya riƙe kulob tun kafin a haifi kakannin wasu daga cikin masu kallon nan? Daga nan na shiga tono, na yi kurakurai na gyara, kuma abin da zan rubuta a nan shi ne hanyar da nake ganin ya kamata mutum ya bi idan yana son ya haɗa tarihin irin wannan kulob, ko don ya rubuta ko don ya gane kawai.

Kafin komai ka fara fahimtar tsanin, don in ka shigo da tunanin ƙwallon ƙafa za ka ɓata tun a bakin ƙofa. A Amurka da Kanada babbar gasa ita ce NHL, ƙasa da ita akwai AHL, ƙasa da wannan kuma ECHL. Mu mun saba da cewa kulob in ya yi ƙoƙari a ƙaramar gasa sai ya hau sama, in ya lalace ya faɗo, to a nan babu wannan sam. Hershey Bears ko sun ci kofi sau goma a jere suna nan a AHL, ba inda za su. Ɗan wasa ne yake hawa, koci ne yake hawa, kulob yana zaune. Kowane kulob na AHL yana da uwar ƙungiya a NHL wadda take turo masa matasan da take reno, kuma duk ranar da ta ga dama sai ta ɗaga waya ta ɗauke wanda ya fi kowa zura ƙwallo, ko da kuwa gobe akwai wasa mai zafi. Ka riƙe wannan da kyau don shi ne zai nuna maka inda za ka sa ido: 'yan wasa baƙi ne masu wucewa, in ka gina tarihin a kansu kaɗai zai zama jerin sunaye mara kan gado. Abin da yake zaune daram shi ne gari, da mai kulob, da zauren wasa, da masu sayen tikiti.

Abu na biyu, kuma wallahi nan ne mutane suka fi faɗuwa, ka raba abu uku da suke kama da ɗaya: sunan kulob, da lasisinsa na gasa, da garin da yake. A ƙananan gasannin nan lasisi kadara ce da ake sayarwa a ɗauke ta a kai wani gari, suna kuma a bar shi a baya wani ya zo ya ɗauka. Bari in ba ka misali na gaske. Akwai kulob da ya fara a matsayin Minnesota Moose a 1994, ya koma Winnipeg a 1996 ya zama Manitoba Moose, a 2011 da NHL ta dawo Winnipeg sai aka kwashe shi zuwa St. John's ya zama IceCaps, a 2015 aka dawo da shi Winnipeg ya sake zama Moose. To a wannan 2015 ɗin sai wani lasisin daban, na Hamilton Bulldogs, ya tafi St. John's ya ɗauki sunan IceCaps, ya yi shekara biyu sannan ya wuce Laval a 2017. Ka ga IceCaps biyu ke nan, gari ɗaya, suna ɗaya, amma asali daban. Ni da kaina na taɓa ɓata kusan mako guda ina haɗa alƙaluman kulob biyu masu suna ɗaya a matsayin abu guda, sai da na ga sunayen 'yan wasan sun canza gaba ɗaya a kaka ɗaya sannan na gane akwai matsala, kuma abin ya yi min ciwo don duk aikin sai da na sake. Saboda haka tun a shafin farko ka rubuta wa kanka: tarihin wa nake bi, na lasisin ko na garin? Duka biyun daidai ne, amma ka zaɓi ɗaya ka faɗa wa mai karatu.

Hershey ta wannan ɓangaren tana da sauƙi, shi ya sa ma nake ba sabon shiga shawarar ya fara da ita. Ba ta taɓa barin garinta ba. Amma ita ma sunanta ya motsa. An kafa ta a 1932 a matsayin kulob na 'yan sha'awa da ba ƙwararru ba, da sunan Hershey B'ars, wanda wasa ne da kalma don yana nuni da sandar cakulan da kamfanin garin yake yi, har akwai lokacin da aka kira su Chocolate B'ars. An yi ta ƙorafin cewa sunan talla ne tsagwaronsa, sai a 1936 aka mayar da shi Bears. In ka shiga tsofaffin jaridu kana neman Bears a 1933 ba za ka ga komai ba, ka ɗauka babu kulob ɗin, alhali yana nan da wani suna. Don haka ka tara duk sunayen da kulob ya taɓa amsawa kafin ka fara bincike.

Daga nan ka ɗauki littafi ko ka buɗe tebur a kwamfuta, kowace kaka layi ɗaya. Ka sa shekara, sunan kulob a lokacin, gasar da yake ciki, uwar ƙungiya, koci, zauren wasa, wasa nawa aka buga, nawa aka ci, da inda aka tsaya a wasannin neman kofi. Aiki ne mai cin rai, na sani, amma wannan teburin shi ne ƙashin bayan komai, kuma duk inda ka ga abu biyu ko uku sun canza a layi ɗaya to nan akwai labari, ka ja masa jan layi. Ka lura kuma kaka tana haɗa shekara biyu, ana farawa a Oktoba a ƙare neman kofi a Yuni a zamanin yanzu, saboda haka kofin 2010 na kakar 2009-10 ne, kar ka ruɗe.

Gasar ita ma tana da nata tarihin da dole ka bi gefe da gefe. A 1936 gasanni biyu da suke fama da ƙarancin ƙungiyoyi, International Hockey League da Canadian-American Hockey League, suka haɗa kai suka fara buga wasa tare, aka kira abin International-American Hockey League. Hershey ta shiga a 1938, nan ne ta zama kulob na ƙwararru masu albashi, a 1940 kuma aka gajarta sunan gasar ya zama American Hockey League. Kofin da ake fafatawa a kai sunansa Calder Cup, an sa masa sunan Frank Calder shugaban NHL na farko. Ka yi hattara, akwai wani Calder ɗin daban a NHL da ake ba sabon ɗan wasan da ya fi fice, ba su da alaƙa sai ta suna, kuma na ga rubuce-rubuce da suka cakuɗa su. A 2001 kuma da wata gasar mai suna IHL ta rushe, AHL ta haɗiye ƙungiyoyinta shida, irin su Chicago Wolves da Milwaukee Admirals da Manitoba Moose ɗin da na ambata, shi ya sa za ka ga sababbin abokan hamayya sun ɓullo kwatsam a teburinka daga wannan shekarar.

Yanzu ga inda nake so ka zauna ka daɗe: wa yake da kulob ɗin, kuma me ya sa yake riƙe da shi? Wannan tambayar ita ce take bayyana dalilin da ya sa wani kulob ya mutu bayan shekara huɗu wani kuma ya haura tamanin. A Hershey amsar tana komawa ga mutum ɗaya, Milton S. Hershey, mai kamfanin cakulan da ya gina garin da kansa don ma'aikatansa, da gidaje da wurin shaƙatawa da makarantar marayu da shi da matarsa suka kafa a 1909. A shekarun 1930 lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe mutane suna rasa aiki ko'ina, shi sai ya shiga manyan gine-gine a garin don mutanensa su samu abin yi, otal da cibiyar al'umma da zauren wasanni duk a wannan tsakanin aka yi su. Shi da wani na hannun damansa John B. Sollenberger ne suka ga hoki yana jan jama'a suka kafa kulob ɗin, kuma har yau kyautar da AHL take ba ɗan wasan da ya fi tara maki a kaka, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci, sunan Sollenberger take ɗauke da shi. Milton Hershey ya rasu a 1945, bai ga kofin farko ba. Amma tsarin da ya bari shi ne sirrin: kulob ɗin mallakar kamfanin Hershey Entertainment and Resorts ne, wanda shi kuma yake ƙarƙashin asusun amana da yake kula da waccan makarantar. Ma'ana ba wani attajiri guda ba ne da zai tashi da safe ya ce ya gaji ya sayar wa wani gari, kuma ba uwar ƙungiya ce take da shi ba balle ta ce tana so a matso da shi kusa da ita. Kamfanin da yake da kulob ɗin shi ne yake da wurin shaƙatawa da otal-otal na garin, kuma yana buƙatar abin da zai kawo mutane a lokacin hunturu. Duk kulob ɗin da kake bincike, ka nemo wannan amsar, ka bi kowane canjin hannu da shekararsa, ka tambayi kanka wanda ya saya ɗan gari ne ko baƙo.

Bayan mai kulob sai zauren wasa, kuma ni a ganina a hoki gini ya fi muhimmanci fiye da a ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba, don ƙwallo ko a fili ka samu ka buga, amma ƙanƙara sai da injin sanyaya da bututu a ƙarƙashin daɓe da kuɗin wuta, in babu gini babu kulob, shikenan. Bears sun fara a wani ƙaramin wuri da ake kira Ice Palace, da jama'a suka yi masa yawa sai aka gina Hershey Sports Arena aka buɗe a Disambar 1936, wanda daga baya aka sani da Hersheypark Arena, mai cin mutum dubu 7 da ɗoriya. Rufinsa kankare ne siriri mai lanƙwasa kamar an kifa ƙwarya, ba ginshiƙi a tsakiya da zai tare wa mai kallo ido, injiniya Anton Tedesko ne ya tsara shi, kuma ginin yana nan tsaye har yanzu ana amfani da shi. A cikinsa ne ma Wilt Chamberlain ya ci maki 100 shi kaɗai a wasan ƙwallon kwando ranar 2 ga Maris 1962, irin wannan abin ka sa shi a rubutunka ko da ba hoki ba ne don yana nuna matsayin ginin a rayuwar yankin. Sun zauna a nan har 2002 sannan suka koma Giant Center mai kujeru kusan 10,500, wanda yake kusa da tsohon, ba wata tafiya ba ce.

Don ka ga nauyin maganar gini, dubi Pittsburgh Hornets, waɗanda Hershey ta doke ta ɗauki kofinta na farko. Kulob ne mai ƙarfi, amma a 1956 aka rushe zaurensu Duquesne Gardens, sai kulob ya tsaya cak. Suka dawo a 1961 da aka gina sabon zaure, suka ci Calder Cup a 1967, kuma a wannan shekarar NHL ta ba Pittsburgh kulob, wato Penguins, sai Hornets suka mutu da kofi a hannu. Abu biyun nan, rasa gini da zuwan babbar gasa cikin gari, su ne manyan masu kashe ƙananan ƙungiyoyi, sai na uku wato uwar ƙungiya ta janye. Hershey ƙanƙantar garinta ta kare ta daga na biyu, don NHL ba za ta taɓa zuwa ta zauna a can ba.

Uwar ƙungiya kuwa ka bi ta kamar yadda ake bin tarihin aure, yaushe aka ɗaura yaushe aka rabu. Hershey ta daɗe tare da Boston Bruins a farkon zamani, ta yi hulɗa da wasu a tsakani, ta haɗu da Washington Capitals a ƙarshen shekarun 1970, ta koma hannun Philadelphia Flyers daga 1984 zuwa 1996, sai Colorado Avalanche daga 1996 zuwa 2005, daga 2005 kuma ta dawo wa Washington har yau. In ka ɗora wannan a kan teburinka za ka ga abin mamaki, kakar farko da Colorado aka ci kofi a 1997, kakar farko da dawowar Washington aka ci a 2006. Nisa ma yana da tasiri, daga Hershey zuwa Washington tafiyar mota ce ta 'yan sa'o'i, yaro zai iya yin atisaye a nan da safe ya buga wa Capitals da dare. Braden Holtby da John Carlson duk ta Hershey suka bi kafin su ɗaga Stanley Cup, wato kofin NHL, da Washington a 2018. Koci ma haka, Bruce Boudreau ya ci kofi da Bears a 2006, a Nuwambar 2007 ana tsakiyar kaka aka kira shi ya karɓi Capitals, mataimakinsa Bob Woods ya gaje shi ya ci kofi a 2009. Spencer Carbery shi ma ya horar da Hershey daga 2018 zuwa 2021 kafin ya zama kocin Washington a 2023.

Na ce 'yan wasa baƙi ne, to amma a kowane kulob akwai ɗaiɗaikun da suka zauna suka zama 'yan gida, kuma su ne zaren da za ka ɗinke labarin da shi. Ka nemo su. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba lambobin rigar da aka jingine ba a sake ba kowa, su ma a rufi ake rataye su. A Hershey babban sunan shi ne Frank Mathers, ɗan Winnipeg, wanda ya zo daga Hornets a 1956 daidai lokacin da suka watse, ka ga yadda rushewar gini a Pittsburgh ta zama alheri ga Hershey. Ya zo yana ɗan wasa kuma koci a lokaci guda, ya ci kofi a 1958 da 1959, ya ajiye sanda ya ci gaba da horarwa ya sake ci a 1969, sannan ya koma ofis a matsayin babban manaja aka ci a 1974 da 1980 da 1988, ya yi ritaya a 1991 bayan shekara 35, a 1992 aka sa shi a zauren karramawa na hoki. Kofi shida da hannunsa a ciki. In ka rubuta tarihin Mathers da kyau ka rubuta kusan rabin tarihin kulob ɗin, kuma ni ina ganin irin waɗannan mutanen da suka ba ƙaramin gari rayuwarsu ba a ba su haƙƙinsu a rubuce-rubuce, kowa hankalinsa yana kan taurarin da suka wuce ta nan suka yi suna a sama. Akwai kuma Mike Nykoluk da ya shafe sama da shekara goma yana buga musu, da Willie Marshall wanda ya bi ta Hershey kuma shi ne ya fi kowa tara maki a tarihin AHL.

Alƙaluma suna da tarko, ka taka a hankali. Yawan wasannin kaka ya sha canzawa, akwai lokacin da ake buga 80, aka dawo 76, yanzu 72, a farkon zamani kuma bai kai haka ba, saboda haka cewa wane ya fi wane zura ƙwallo ba tare da faɗin wasa nawa ya buga ba zalunci ne. Da can ana tashi canjaras, daga kakar 2004-05 aka daina, in ƙarin lokaci bai raba ba sai a yi bugun ɗaya-da-gola, wannan ya ƙara yawan nasarori a teburi. Misali Bears na 2009-10 sun ci wasa 60 cikin 80, tarihi ne a gasar, amma in za ka kwatanta su da na shekarun 1950 dole ka faɗi wannan bambancin. Ita wannan kakar ta 2004-05 ma ka sa mata alama, don NHL ba ta buga ko wasa ɗaya ba saboda rikicin albashi, matasan da ya kamata su kasance a sama duk suka cika AHL. Sannan 2020 da 2021 ba a ba da Calder Cup ba saboda korona, kar ka zauna kana neman wanda ya ci.

Kofunan Hershey 13 ne, babu kulob ɗin da ya kai su a AHL: 1947, 1958, 1959, 1969, 1974, 1980, 1988, 1997, 2006, 2009, 2010, 2023, 2024. Amma dan Allah kar ka jera su haka kawai a rubutunka ka wuce, kuma kar ka ba kowanne tsayi ɗaya. Ka zaɓi waɗanda suke da nama. Na 1988 ƙarƙashin John Paddock sun buga wasa 12 a neman kofi sun cinye duka 12 ba a doke su ko sau ɗaya ba. Na 2010 Texas Stars sun zo har gida sun doke su wasa biyu na farko a zagayen ƙarshe, inda ake neman wanda zai fara cin huɗu cikin bakwai, sai Bears suka tashi suka ci huɗu a jere. Na 2023 shi ne wanda har yanzu in na tuna tsigar jikina take tashi, wasa na bakwai a California gidan Coachella Valley Firebirds, an fara zura musu biyu, suka farke, aka shiga ƙarin lokaci inda duk wanda ya fara ci shi ke nan, Mike Vecchione ya tura faifan raga aka tashi 3-2, a gabashin Amurka dare ya riga ya raba. Shekara ta zagayo aka sake haɗuwa da Firebirds ɗin, wannan karon a Hershey aka ƙare a wasa na shida, Matt Strome ya ci a ƙarin lokaci, koci Todd Nelson ya ɗaga biyu a jere. Kuma ka rubuta faɗuwa ma, 2007 da Hamilton Bulldogs suka doke su a zagayen ƙarshe da wani matashin gola Carey Price, da 2016 da Lake Erie Monsters suka yi musu huɗu ba ko ɗaya, da dogon farin da ke tsakanin 2010 da 2023. Masoya na gaskiya sun fi tuna waɗannan ranakun.

To ina za ka samo duk wannan? Don teburi da sunayen 'yan wasa, shafukan hockeydb da Elite Prospects sun wadatar, da shafin AHL ɗin kanta. Amma waɗannan lambobi ne kawai. Labarin yana cikin jaridun yankin, ga Hershey akwai Patriot-News ta Harrisburg da Lebanon Daily News, ka nemi fitowar washegarin kowace ranar da ka ja wa jan layi, kuma kar ka tsaya a shafin wasanni, ka leƙa shafin kasuwanci da na ƙaramar hukuma don maganar haya da gini da sayar da kulob a can ake buga ta. Garin yana da ma'ajiyar tarihi, Hershey Community Archives, mai hotuna da takardu da hirarraki. Ƙananan littattafan da ake sayarwa a ƙofar shiga ranar wasa su ma taska ne, tallace-tallacen da ke ciki kaɗai za su nuna maka waɗanne shaguna ne suke tallafa wa kulob a wane zamani. Ƙa'idar da nake bi ita ce duk kwanan wata ko lamba sai na gan ta a wuri biyu da ba su kwafi juna ba, don a intanet kuskure ɗaya yana iya yaɗuwa shafi hamsin, kuma abin da kulob ya rubuta game da kansa ka karɓa da girmamawa amma ka san ba zai faɗi abin kunyarsa ba.

Sai mutane. Ka je wasa da wuri, ka nemi dattawan da suke da kujera ɗaya shekara da shekaru, ka gaishe su da ladabi ka faɗi abin da kake yi ka nemi izini kafin ka naɗi murya. Kar ka tambaye su shekara ko sakamako, wannan takarda ta fi su riƙewa. Ka tambaye su wa ya fara kawo su, a ina suke zama a tsohon zaure, me aka ji ranar da aka bar shi. Wata dattijuwa da na zauna kusa da ita ta taɓa nuna min tsohon tikiti da ta adana a cikin jakarta a naɗe cikin leda, gefensa duk ya yi laushi, ta ce na wasan farko ne da mahaifinta ya kai ta, ta mayar da shi a hankali kamar mai ajiye zinare. Abin da ta faɗa min game da matakalan tsohon zauren masu tsayi da yadda ihu yake dawowa daga rufin kankare babu shi a kowane tebur. In abin da dattijo ya tuna ya saɓa wa jarida a kan lamba, ka bi jarida, ka bar masa yadda ya ji a ransa.

Kar ka manta da al'adun masu kallo, su ma tarihi ne kuma suna da shekarar farawa. A Hershey akwai rana guda a kaka da kowa yake zuwa da 'yar tsanar beyar ta yara, da zarar Bears sun ci ƙwallon farko sai a yi ta jefo su kan ƙanƙara kamar ruwan sama har wasa ya tsaya, 'yan wasa suna faɗawa cikin tulin, daga baya a ƙirga a raba wa ƙungiyoyin taimakon yara na yankin. Al'adar daga Kanada ta samo asali, amma Hershey ta kai ta wani mataki, a Janairun 2025 an ƙirga 102,343 a zauren da bai kai kujera dubu 11 ba.

In ka zo rubutawa, ka raba zamani bisa abin da ya canza da gaske, gini ko uwar ƙungiya ko mutum irin Mathers, kar ka yanka shi goma-goma don kawai lissafi ya yi kyau. Ga Hershey ni haka na raba nawa: zamanin B'ars zuwa 1938, daga shiga gasar ƙwararru zuwa zuwan Mathers a 1956, shekarunsa 35, sannan ƙarshen tsohon zaure, sai zamanin Giant Center da Washington. Ka fassara wa mai karatunka kalmomin wasan sau ɗaya a farko da Hausa mai sauƙi ka ci gaba da amfani da su ba canji. Teburin nan da ka sha wahala a kansa ka sa shi a ƙarshe don mai son dubawa, kuma ka bar layi ɗaya a ƙasa babu komai, don a Oktoba za a sake zuba ruwa a daskarar da shi a fara wata kakar.